Ina so in fara tuƙin jirgin sama na kwamfuta a VATSIM, ta ina zan soma?

Sabon_Matuƙi_Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina tuƙa jirgin sama a kwamfuta ni kaɗai da manhajar X-Plane 11, har na kai ina iya tashi daga Kano in sauka a Abuja lafiya, ko da yake saukar tawa ba ta gama yin laushi ba. Kwanakin baya na ga wani bidiyo inda mai tuƙin yake magana da mutum na gaske, wanda ke ba shi izinin tashi da na sauka kamar yadda ake yi a filin jirgi, aka ce mini wannan shi ne VATSIM. Tun daga ranar abin bai fita daga raina ba. Sai dai kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce mai RAM 8, data nake saye ba layin gida gare ni ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne Turancin da suke yi da sauri, domin ina tsoron in buɗe baki in ɓata wa mutane aiki. Don Allah waɗanda suka riga mu shiga su nuna mini hanya.

Mai_Hasumiya: Wa alaikumus salam, barka da zuwa ɗan'uwa. Da farko ka kwantar da hankalinka game da kuɗi, domin VATSIM kyauta ce, kuma duk wanda ka ji yana ba da umarni a can ɗan sa-kai ne da ya zauna a ɗakinsa kamar yadda kake zaune a naka. An kafa ta a 2001. Za ka yi rajista da sunanka na gaskiya, ka karanta darussan sababbin shiga, ka ci ɗan gajeren gwajin da ke biye da su, sannan a ba ka damar shiga. Tun da X-Plane kake amfani da shi, ƙaramar manhajar da za ta haɗa ka da sauran mutane ita ce xPilot. Masu Microsoft Flight Simulator kuwa vPilot suke saukewa. Ita ce ke aika inda jirginka yake, ta nuna maka jiragen wasu, ta kuma ɗauki muryarka zuwa mitar rediyon da ka kama a cikin jirgin.

Shawarata ita ce kada ka tashi a ranar farko, ko ta biyu. Akwai tsarin shiga a matsayin ɗan kallo, inda kai kana ji kana gani amma ba wanda ke ganin jirginka. Ka ajiye jirgi a wani fili mai cunkoso, ka kama mitar mai ba da izinin tafiya, ka ɗauki biro da takarda, duk izinin da aka ba wani ka rubuta shi kamar kai aka ba. Bayan kwana uku ko huɗu za ka gane cewa Turancin da ke ba ka tsoro jimloli ne ƙalilan da ake maimaitawa a jere ɗaya: inda za ka, hanyar fita, tsayin da za ka fara hawa, sai lambar da za ka sa a na'urar da ke nuna ka a rada.

Shaho_737: Ni a ganina ka ɗauki babban jirgi kai tsaye. A X-Plane akwai Boeing 737-800 na Zibo, kyauta ne kuma ya yi kama da na gaske sosai. Ka tsara tafiyarka a SimBrief, shi ma kyauta, ka shigar da hanyar a kwamfutar jirgin, daga nan mai kula da zirga-zirga shi zai riƙa gaya maka tsayi da alƙibla har ka sauka. Tafiyar da ake yi bisa na'urori ta fi sauƙin magana a rediyo fiye da ta ƙaramin jirgi mai tafiya da ido, domin komai a tsare yake. Haka na fara, kuma ban yi nadama ba.

Tsohon_Makaniki: Ɗana Shaho, ban yarda da wannan ba, kuma zan faɗi dalili. Na yi shekaru ina gyaran jirage kafin in ajiye aiki, yanzu da yamma nakan zauna da jikokina mu yi wannan tuƙi na kwamfuta, don haka na ga ɓangarorin biyu. Wanda ya fara da babban jirgi yakan koyi danna maɓallai ne kawai. Muddin komai na tafiya yadda aka shigar a kwamfutar jirgin, lafiya lau. Amma ranar da mai kula da sauka ya ce masa an sauya titin sauka, ko ya ce ya juya zuwa alƙibla digiri 270 ya sauko ƙafa 4,000 ya rage gudu a lokaci guda, sai ka ga jirgin ya ci gaba da bin tsohuwar hanya, matuƙin yana ta laluben abin da zai danna, jirage biyar na bayansa kuma duk an dagula musu layi.

Ka ɗauki Cessna 172. Ka ajiye shi a Kano, ka nemi rahoton yanayi ka sa ma'aunin matsin iskar da aka bayar a agogon tsayi, za ka ga ya nuna kusan ƙafa 1,560, wanda shi ne tsayin filin daga teku. Idan bai nuna haka ba, ka san ka yi kuskure tun kana ƙasa. Ka ɗaga hancinsa a gudun not 55, wato mil 55 na teku a awa, ka hau ƙafa 1,000 sama da filin, ka yi kewayen hagu, ka dawo ka sauka da gudun kusan not 65. Ka yi haka sau hamsin da hannunka. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, shi ya sa za ka tashi ta titi na 06, domin lambar titi alƙiblarsa ce aka cire sifirin ƙarshe, jirgi kuma fuskantar iska yake yi wajen tashi da sauka. Wanda ya san waɗannan da hannunsa, in ya hau Boeing daga baya kansa yana da sararin sauraron rediyo.

Shaho_737: Baba, na karɓi maganarka game da sauya titi, domin hakan ya taɓa faruwa da ni, na kuwa sha wuya. Amma har yanzu ina ganin magana a rediyo ta fi wuya a ƙaramin jirgi, saboda kai ne za ka riƙa faɗin inda kake da bakinka, kuma ƙa'idojin tafiya da ido sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Damagaram_5U: Salamu alaikum daga Zinder. Ina so in tuna wa mai tambaya cewa ba VATSIM kaɗai ba ce. Ni a IVAO nake, ita ma kyauta ce, manhajar matuƙa sunanta Altitude, ta masu kula da zirga-zirga kuma Aurora. Abin da ya kai ni can shi ne Faransanci, domin da shi na yi karatu, kuma idan na tashi a Faransa ina iya yin magana da shi, in bar Turanci sai inda ya zama dole. Haka abin yake a zahiri a sararin Nijar, wanda hukumar ASECNA ke kula da shi, ana jin harsunan biyu a rediyo. Ka buɗe taswirar kowacce da yamma, ta IVAO ana kiranta Webeye, ka duba inda mutane suka fi yawa a wuraren da kake sha'awa, sannan ka zaɓa. Babu abin da ya hana ka yin rajista a duka biyun.

AbuHanif_KD: Ai na ji an ce IVAO ɓallewa ta yi daga VATSIM.

Mai_Hasumiya: A'a Malam AbuHanif, IVAO ta girmi VATSIM. An kafa ta a ƙarshen 1998, kuma waɗanda suka kafa ta daga wata tsohuwar ƙungiya mai suna SATCO suka fito. VATSIM ita ce ta gaji SATCO ɗin a 2001. Akwai kuma PilotEdge, wadda ake biya, tana da masu kula da zirga-zirga a tsayayyun lokuta kowace rana, amma yammacin Amurka kaɗai ta shafa, kuma ɗaliban tuƙi na can suka fi amfani da ita.

Injiniya_Sola: Bari in taɓa maganar kwamfuta da data, tun da ba wanda ya amsa ta. Haɗuwa da VATSIM kanta ba ta cin data sosai, domin abin da ke tafiya shi ne bayanin inda jirage suke da kuma murya. Mai cin data shi ne Microsoft Flight Simulator, wanda ke jawo hotunan ƙasa daga intanet yayin da kake tafiya. Na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa, yana neman wurin ajiya na gigabait 150, na 2024 kuma ya rage wurin ajiya amma ya ƙara dogara da intanet mai ƙarfi, sannan RAM 16 ne mafi ƙarancin abin da yake nema. Saboda haka da kwamfutarka ka zauna a X-Plane 11 ɗinka, domin ƙasarsa tana cikin kwamfutarka, ba sai ya jawo ta ba.

Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne saurin hoto. Idan hotunan X-Plane suka yi ƙasa da 20 a daƙiƙa, lokacin cikin manhajar yakan ja baya, sai jirginka ya riƙa tafiya a hankali fiye da gudun da agogonsa ke nunawa, mai rada kuma ya kasa jera ka da sauran jirage. xPilot zai gargaɗe ka, idan abin ya ci gaba ya cire ka. Ka rage inuwa da yawan gine-gine da kyan gajimare har sai ka wuce 25 a fili mai cunkoso. Wanda ba shi da kuɗin sayen manhaja kuma akwai FlightGear, kyauta ce gaba ɗaya, ana haɗa ta da VATSIM ta manhajar swift. Game da wuta, ka tabbatar batirinka zai kai ƙarshen tafiyar kafin ka tashi. An taɓa ɗauke mini wuta ina saura mil shida in sauka bayan tafiyar awa uku, tun daga ranar na haɗa kwamfutar da batirin sola.

'Yar_Gombe_A320: Ina so in yi magana a kan tsoron da ka ambata, domin ni ma shi ya riƙe ni wata biyu bayan na yi rajista. Ranar da na yi ƙundunbala, na zaɓi wani ƙaramin fili a Ingila inda jirage uku ne kawai a ƙasa. Na rubuta duk abin da zan faɗa a takarda da manyan baƙaƙe, na manna ta a gefen allo. Na ɗora yatsa a kan maɓallin magana na ɗauke ya fi sau goma. Da na yi magana, mutumin ya ba ni izini da sauri, ban kama komai ba sai sunan garin da zan je. Zuciyata ta riƙa bugawa, na ce masa "say again slowly", wato ya maimaita a hankali. Ya maimaita kalma bayan kalma, na rubuta, na karanto masa, sai ya ce lambar rada na juya biyun ƙarshe, ya sake faɗa, na gyara. Shi ke nan. Bai yi faɗa ba, bai nuna gajiya ba, da zan bar mitarsa ma sai da ya rubuto mini barka da zuwa.

Abin da na koya shi ne ka rubuta a wurin ƙarin bayani na takardar tafiyarka cewa kai sabo ne, suna karantawa. Idan an ba ka umarnin da ba za ka iya ba, ka ce "unable", za a nemo maka wata hanya. Abin da ba sa so shi ne ka amsa kamar ka gane alhali ba ka gane ba. Akwai kuma damar ka riƙa ji da kunne kana amsawa a rubuce, amma ni ban ba ka shawarar ka daɗe a haka ba, domin rubutu da tuƙi a lokaci guda ya fi magana wuya.

Tsohon_Makaniki: 'Yata ta faɗi magana mai nauyi. Maimaita umarni da ake yi ba ado ba ne. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin filin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma cikin dalilan akwai rashin fahimta a rediyo, ɗaya matuƙin ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Bayan wannan ne aka tsaurara kalmomi, har ya zama ba a furta kalmar "takeoff" sai lokacin ba da izinin tashin kansa ko soke shi, a sauran wurare "departure" ake cewa. Idan ka ji mai hasumiya a VATSIM ya nace sai ka maimaita cewa za ka tsaya kafin titi, daga can abin ya samo asali.

Sabon_Matuƙi_Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zan koma kan Cessna kamar yadda ka ce, ko da yake raina yana kan Boeing ɗin. Na yi rajista jiya na kuma ci gwajin. Amma da na buɗe taswira da daddare sai na ga Turai cike da jirage da masu kula da su, Najeriya kuwa jirage biyu ne kawai ke ratsawa, babu kowa a Kano ko Abuja ko Legas. Idan babu mai kula, yaya ake yi? Kuma ashe ba zan samu wanda zai ba ni izini a garinmu ba ke nan?

Kumasi_Zango_9G: Wannan shi ne ciwon da ke damunmu duka a Afirka ta Yamma. Idan babu mai kula, sai ka kama mita 122.800, ka riƙa sanar da abin da kake yi domin jiragen da ke kusa su sani: zan shiga titi kaza, na tashi, ina gangarowa. Akan samu masu kula a Accra da Legas lokaci-lokaci, musamman idan an shirya wani taro na musamman, don haka ka riƙa duba jadawalin taruka. Najeriya tana ƙarƙashin reshen da ake kira VATSSA, mai kula da Afirka kudu da Sahara. Ka lura duk lokutan da ake sanarwa na agogon duniya ne da ake kira Zulu. Mu a Ghana daidai yake da agogonmu, ku a Najeriya da Nijar sai ku ƙara awa ɗaya, wato taron 1800 ƙarfe bakwai na yamma ne a wurinku.

Mai_Hasumiya: A nan nake so in yi kira, kuma da gaske nake. Sararin samaniyarmu ba zai cika ba sai mu mun zauna a kujerun. Matuƙa suna bin inda suka ga haske a taswira ne, idan suka ga Kano a kunne kowace Asabar da daddare, za su fara tsara tafiyarsu zuwa can. Abin ma ya dace da tarihi, domin a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma sararin ƙasar gaba ɗaya da sunan Kano aka san shi a taswirar jiragen duniya, lambarsa DNKK.

Hanyar zama mai kula tana da matakai. Da S1 ake farawa, wanda ke ba da izinin tafiya da kuma jagorantar jirage a ƙasa daga wurin ajiya zuwa bakin titi. S2 shi ne hasumiya, mai ba da izinin tashi da sauka. S3 shi ne mai rada da ke jera jirage masu zuwa da masu fita, C1 kuma shi ke riƙe da sararin sama mai faɗi. Kowane mataki akwai karatu, da zama da malami, da jarrabawa. Manhajar da muke amfani da ita sunanta EuroScope, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko kaɗan, wadda ba za ta iya ɗaukar X-Plane ba ma za ta ɗauke ta. Na yi watanni ina jiran malami kafin a fara koya mini, saboda malaman 'yan sa-kai ne kuma ba su da yawa. Na taɓa zama awa biyu a hasumiya jirgi ɗaya ne ya zo, wani mutum da ya taso daga Alƙahira, amma da ya sauka ya ce bai taɓa samun mai kula a wannan filin ba sai ranar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, idan muka kai mu huɗu ko biyar za mu iya raba kwanaki.

AbuHanif_KD: Malam Mai_Hasumiya, shin wannan zai taimaka wa wanda ke son shiga kwalejin jiragen sama ta Zariya? Ƙanena yana da burin zama mai kula da zirga-zirgar jirage na gaske.

Tsohon_Makaniki: Zai taimaka masa ta wani gefe, amma kada a ruɗe shi. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, da makarantar EAMAC ta Yamai, suna da sharuɗɗansu na takardu da gwajin lafiya, kuma ba sa lissafa awannin da mutum ya yi a VATSIM. Babu wani lasisi da ake samu daga nan. Abin da zai tafi da shi shi ne kunne da harshe: haruffan rediyo su Alfa, Bravo, Charlie, karanta rahoton yanayi, fahimtar taswirar sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wanda ya koyi abu a karkace shi kaɗai, gyara shi ya fi koya wa sabo wuya, don haka ya shiga aji a matsayin ɗalibi, kada ya je yana ganin ya riga ya sani.

Damagaram_5U: Haka ne Baba. Ina ƙara da cewa masu waya kaɗai ma suna da abin farawa. Infinite Flight yana da nasa tsarin masu kula da zirga-zirga, sai dai da danna umarni ake yi, ba da murya ba, kuma shiga tare da mutane sai an biya kuɗin wata. Ba ya haɗuwa da VATSIM ko IVAO. Haka mai Xbox ma ba zai iya shiga ba, domin vPilot sai a kwamfuta.

Hajiya_Zulu: Tambayata ta ɗan kauce, amma ta shafi sabon shiga. Ina son doguwar tafiya, musamman daga Kano zuwa Jidda da Madina, wadda takan wuce awa huɗu, kuma dole lokacin salla ya riske ni a sama. Mene ne ƙa'ida?

Mai_Hasumiya: Hajiya, ƙa'idar VATSIM ita ce kada a bar jirgi babu mai kula da shi fiye da minti 30. Idan kina sararin da babu mai kula, kina iya tashi ki yi sallarki ki dawo cikin wannan lokaci. Idan kuwa kina ƙarƙashin wani, sai ki nemi izininsa ki faɗi mintunan da za ki yi, ni ban taɓa ganin an hana ba sai dai idan an kusa fara gangarowa. Ni nakan tsara tashina bayan Isha'i domin in huta da wannan lissafin. Tun da ana maganar ƙa'idoji, sabon shiga ya kiyaye waɗannan: kada ka haɗu da VATSIM jirginka yana kan titin tashi, ka fara ajiye shi a wurin ajiye jirage, kada ka tsayar da lokaci kana ƙarƙashin mai kula, kuma kada ka taɓa sa lamba 7500 a na'urar rada, domin ita ce alamar an yi fashin jirgi, an haramta kwaikwayonta, nan take za a cire ka.

Shaho_737: Ga mai tambaya, idan ka tashi yin Kano zuwa Abuja ɗinka a VATSIM, nisan kusan mil 200 ne na teku, ba ka buƙatar hawa sosai. Ka nemi ƙafa 25,000, ka fara gangarowa tun da wuri. Lissafin shi ne mil uku a kowace ƙafa 1,000 da za ka sauko.

'Yar_Gombe_A320: Yaya Shaho, lissafin gangarowar daidai ne, amma tsayin akwai gyara. Abuja tana kudu maso yammacin Kano, alƙiblar ta ɗan wuce 200. Daga 180 zuwa 359 tsayi mai cika ake ɗauka, wato 24,000 ko 26,000, mai mara kamar 25,000 kuma na masu alƙibla daga 0 zuwa 179 ne, kamar mai dawowa Kano ko Hajiya mai tafiya Jidda. Da haka ake raba masu zuwa da masu dawowa kada su haɗu gaba da gaba. Game da taswirar filaye kuma, Navigraph na kuɗi ne, bayanansa ana sabunta su duk kwana 28, amma ChartFox kyauta ne ga mai lambar VATSIM, ko da yake ba kowane fili za ka samu a ciki ba.

Shaho_737: Gaskiyarki ƙanwata, na juya lissafin. Na gode da gyara.

Sabon_Matuƙi_Fagge: Na dawo da labari. Daren jiya na shiga a matsayin ɗan kallo a Manchester, na zauna awa ɗaya da rabi da biro a hannu. Izini goma sha ɗaya na rubuta, na farko ban kama komai ba, amma huɗun ƙarshe na rubuta su cif har da lambar rada. Na kuma ji wani ya rikice aka maimaita masa sau uku ba tare da tsawa ba, wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai. Kewayen Cessna a Kano kuma na kai ashirin da biyu, Baba. Malam Mai_Hasumiya, maganarka ta zama mai kula ta shige ni, amma ina ganin sai na fara iya tuƙin. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai: can wajen ƙarfe goma mai ba da izini da mai hasumiya duk suka tashi, sai na ji jiragen da ke ƙasa suna kiran wani can daban. Wane ne shi?

Mai_Hasumiya: Madalla da wannan ƙoƙari. Wanda ka ji shi ne na sama da su. A VATSIM idan kujerar ƙasa babu kowa, wanda ke samanta shi ke riƙe ta: in babu mai ba da izini sai ka kira mai kula da ƙasa, in babu shi sai hasumiya, in babu ita sai mai rada na filin, in shi ma babu sai mai riƙe da sararin yankin gaba ɗaya. Don haka kafin ka yi magana ka duba jerin da ke gefen xPilot, ka fara daga mafi ƙasa da ke kunne a filinka. Amma ban yarda sai ka gama iya tuƙi za ka nemi S1 ba, domin layin jiran malami yana da tsawo, ka sa sunanka yanzu ka ci gaba da kewayenka.

Tsohon_Makaniki: Ni dai na fi son ya cika hamsin ɗin tukuna, ya kuma yi magana a rediyo ko sau goma ne a matsayin matuƙi, domin ya san yadda umarni ke sauka a kunnen wanda hannunsa ke kan sanda. Ɗana, a kewaye na gaba ka sa iska ta riƙa bugo ka daga gefe da ƙarfin not 8, ka zo ka gaya mini yadda saukar ta kasance.